Tambayoyi da Amsoshi kan Koyar da Ɗaliban Jami'a Rikiɗar Ƙwayoyin Bairos ta Intanet

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi idan maganar koyar da rikiɗar ƙwayoyin bairos da bayanan jinom ta taso. Wasu daga malaman da ke son gwada abin a ajinsu suke fitowa, wasu kuma daga ɗaliban da aka ɗora wa aikin, suka buɗe kwamfuta suka tarar da dubban haruffa a jere babu waƙafi babu aya.

Mene ne jinom, kuma me ya kai shi intanet?

Jinom shi ne cikakken rubutun gado da ke cikin kowane abu mai hayayyafa. Da haruffa huɗu kacal ake rubuta shi: A, C, G da T. Ƙwayoyin bairos da yawa, irin su korona da mura da foliyo da Lassa, suna ɗauke da nasu rubutun a sinadarin RNA, inda U ke zama a gurbin T, amma a rumbunan bayanai da T ɗin ake rubutawa don a samu daidaito.

Na ƙwayar korona bai kai haruffa 30,000 ba. Wanda aka buga a watan Janairun 2020, daga samfurin birnin Wuhan, haruffa 29,903 ne, kuma har yau shi ake ɗauka a matsayin ma'auni. Tun daga lokacin ɗakunan bincike a faɗin duniya suka riƙa karanta jinom ɗin ƙwayar daga jikin majinyata suna zubawa a rumbuna irin su GenBank da GISAID, kowanne da ranar da aka ɗauki samfurin da kuma wurin. Na korona kaɗai sun haura miliyoyi. GenBank a buɗe yake ga kowa, ba rajista ba kuɗi. Ke nan ɗalibin da ke zaune a ɗakin kwanansa yana iya sauke bayanin da manyan masu bincike ke aiki da shi, ba kwaikwayonsa ba.

Me ya sa aka zaɓi bairos? Ba za a iya koyar da wannan da tsuntsaye ko tsirrai ba?

Za a iya, sai dai sauyin da ke bayyana a manyan halittu sau da yawa yana ɗaukar dubban shekaru, ɗalibi kuma zangon karatu ɗaya gare shi. Ƙwayar bairos tana haifar zuriya a cikin sa'o'i. Abin da aka ɗauka a watan Maris ya bambanta da na watan Nuwamba, kuma bambancin yana ƙirguwa da yatsa. Ga shi kowane samfuri yana da kwanan wata. Wanda ke nazarin ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe kintace yake yi kafin ya san shekarunsu. Mai nazarin korona kuwa ranar a rubuce take.

Ta yaya ƙwayar take rikiɗa tun farko?

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon littafin da aka kwafa da hannu ya riga ya san rabin amsar. Malami ya rubuta, almajiri ya kwafa, wani ya kwafa daga na almajirin. A wani wuri hannu ya zame, ɗigo ya faɗi ko harafi ya sauya. Duk wanda ya kwafa daga wannan kwafi zai gaji kuskuren, ya kuma ƙara nasa. Bayan shekaru, mai lura zai iya tara kwafi goma ya ce waɗannan huɗu daga gida ɗaya suka fito, domin kuskure iri ɗaya suke ɗauke da shi a shafi ɗaya.

Haka ƙwayar take. Ba ta hayayyafa da kanta sai ta shiga tantanin jikin mutum ko dabba, a can ake kwafar rubutunta, kuma sinadarin da ke kwafar RNA ba ya komawa ya duba aikinsa. Korona ta ɗan fita daban: tana da wani furotin mai suna nsp14 da ke gyara wasu kurakuran, shi ya sa take rikiɗa a hankali idan aka gwada ta da mura ko ƙwayar HIV. A shekarar farko ta annobar, kusan sauyi biyu a wata ake gani a kowane reshe na zuriyar ƙwayar.

Yawancin kurakuran nan ba sa tsinana komai. Haruffa uku-uku ake karantawa, kowane rukuni yana nuna tubali ɗaya daga cikin tubala 20 da ake gina furotin da su, kuma da yake rukunan 64 ne, sau da yawa harafi na sauyawa tubalin bai sauya ba. Wasu kurakuran suna nakasa ƙwayar ta mutu ba zuriya. Kaɗan ne ke ba ta wata fa'ida, kuma su ne ake ji a labarai.

Da wane aiki ya kamata malami ya fara?

Da ƙirga. Kada a fara da bishiyar nasaba, wato zanen da ke nuna dangantakar samfura, kada a fara da lissafi mai nauyi.

A sa kowane rukunin ɗalibai ya shiga GenBank ya sauke jinom ɗin Wuhan, mai lamba NC_045512.2, a tsarin FASTA, wanda ba komai ba ne illa layi ɗaya na suna sai haruffa su biyo baya. Sannan su sauke wasu uku ko huɗu: ɗaya daga tsakiyar 2020, ɗaya na nau'in Delta, ɗaya na Omicron. Su jera su da manhajar Clustal Omega ko MAFFT, dukansu ana amfani da su kai tsaye a intanet, yadda harafi zai hau kan takwaransa. Daga nan a ce su nemo wuri na 23,403. A na Wuhan A za su gani, a sauran G. Wannan harafi ɗaya shi ne ya sauya tubali na 614 a furotin ɗin ƙayar da ƙwayar ke maƙalewa da ita, kuma shi ne sauyin da ake kira D614G (D alamar tsohon tubalin, G alamar sabon), wanda ya mamaye duniya kafin ƙarshen 2020. Ɗalibin da ya gano shi da idonsa ba ya sake mantawa da abin da D da 614 da G ke nufi.

Bayan sun sha wahalar ƙirga da hannu, sai a nuna musu manhajar intanet mai suna Nextclade, su jefa fayilolin a ciki, cikin daƙiƙu ya fito musu da jerin duk sauye-sauyen da sunan reshen. Za su yi gunaguni cewa an wahalar da su a banza. Ba a banza ba ne. Wanda aka fara ba shi Nextclade tun ranar farko launuka kawai yake gani. A nan ne kuma za su ga abin da ya firgita masana a watan Nuwamban 2021: Omicron ta zo da sauyi fiye da 30 a furotin ɗin ƙaya kaɗai.

Sai ɗalibi ya iya rubuta manhajar kwamfuta?

A'a. Duk abin da aka ambata a nan da danne-danne ake yin sa. Wanda ya so zurfafawa daga baya zai buƙaci Python ko R, amma wannan wani aji ne daban.

Wutar lantarki ba tabbas, data kuma da tsada. Abin zai yiwu kuwa?

Zai yiwu, domin fayilolin ƙanana ne ƙwarai. Jinom ɗin korona guda ɗaya kusan kilobait 30 ne. Hoto ɗaya da aka turo ta WhatsApp ya fi shi nauyi. Jinom hamsin ba su kai megabait biyu ba. Abin da ke cin data shi ne yawo a shafuka ana neman samfurin da ya dace, saboda haka malami ya yi wannan aikin da kansa tun kafin ranar, ya zuba a filashi, ya raba. Manhajar MEGA kyauta ce, sau ɗaya ake sauke ta, kuma tana jera haruffa tana gina bishiya ba tare da intanet ba.

Kwamfuta ɗaya ta ishi mutum uku ko huɗu, kuma a ganina hakan ya ma fi, saboda gardamar da ke tashi a tsakaninsu rabin karatun ce. Sai dai a riƙa sauya mai riƙe da linzamin, in ba haka ba mutum ɗaya zai koya, sauran su yi kallo. Waya tana buɗe Nextstrain, shafin da ke nuna bishiyoyin nasabar ƙwayoyin cuta, amma jera haruffa dubu talatin a fuskar waya azaba ce, kada a ɗora wa kowa.

Na taɓa shirya aji kan cewa kowa zai sauke nasa fayil a lokacin darasi. Intanet ɗin ginin ya ɗauke minti goma da farawa, muka ƙare da zane a allo. Tun daga ranar ba na shiga aji sai da filashi biyu.

Yaya ake karanta bishiyar nasaba, kuma ina ɗalibai suka fi yin kuskure?

Bishiyar salsala ce. Kowane ƙarshen reshe samfuri ne da aka ɗauka daga wani majinyaci; kowace mahaɗa kuma kaka ne da aka kintata, wanda ba a taɓa riƙewa a hannu ba. Tsawon reshe yana nuna yawan sauyin da ya taru, ko kuma lokacin da ya wuce, gwargwadon irin bishiyar da aka zana.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar maƙwabtaka a matsayin zumunci. Ɗalibi ya ga suna biyu kusa da juna a gefen takarda sai ya ce 'yan'uwa ne. Alhali ana iya juya kowace mahaɗa, na sama ya koma ƙasa, bishiyar ba ta sauya ba. Zumunci a mahaɗa ake neman sa: a bi rassan biyu baya har inda suka haɗu. Ɗan'uwanka da ke zaune a Legas ya fi kusa da kai a jini fiye da maƙwabcin da kuke katanga ɗaya.

Na biyu shi ne ɗaukar wani samfuri a matsayin uban wani. Ana yawan jin ɗalibi ya ce Delta ce ta haifi Omicron tunda ita ta riga zuwa. Bishiyar ta ƙaryata wannan: reshen Omicron ya rabu ne tun daga ƙwayoyin da ke yawo a 2020, bai fito daga cikin Delta ba. Wannan misali yana da daɗin koyarwa domin ɗalibai na iya tabbatar da shi da kansu a Nextstrain, shafin da Trevor Bedford da Richard Neher suka assasa, inda ake iya matsar da lokaci gaba da baya a ga rassa suna tsiro suna mutuwa.

Akwai kuma lambobin da ke zaune a kan mahaɗai, waɗanda kusan kowa ke tsallakewa. Suna nuna ƙarfin hujjar da ke riƙe da mahaɗar. Idan an ga 98, a dogara. Idan an ga 40, kada a gina labari a kai. Manhaja ba ta taɓa ƙin ba da bishiya, ko da shara aka zuba mata.

Dole sai korona? Babu misalai daga ƙasarmu?

Akwai, kuma sun fi kama zuciyar ɗalibi.

Foliyo ce ta farko. Masu sa ido kan cutar shan inna suna karanta wani yanki na jinom ɗinta mai suna VP1, mai haruffa kusan 900, wanda ke sauyawa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, wato haruffa tara ko goma. A watan Agustan 2016, bayan Najeriya ta yi shekara biyu ba a ga ƙwayar foliyo ta daji ba, wato wadda ba daga maganin rigakafi ta samo asali ba, sai aka same ta a jikin yara a ƙananan hukumomin Gwoza da Jere a jihar Borno. Tambayar ita ce: daga waje aka shigo da ita? Jinom ya ce a'a. Danginta mafi kusa ita ce wadda aka gani a Borno ɗin a 2011. Ma'ana ta yi shekaru kusan biyar tana yawo a yankunan da rikici ya hana ma'aikatan lafiya shiga, ba wanda ya sani. Masana suna kiran irin wannan ƙwaya marainiya, idan ta yi nisa da duk dangin da aka sani da fiye da kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. A ba ɗalibai lissafin su yi: idan sabon samfuri ya bambanta da tsoho da haruffa 45, shekara nawa ke nan aka yi ba a gani ba? Sannan a tambaye su abin da amsar ke faɗa game da sa ido, ba game da ƙwayar ba. An ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da foliyo ta daji a watan Agustan 2020.

A nan wani zai ɗaga hannu ya tambayi batun foliyon da ke samo asali daga rigakafi, kuma bai kamata malami ya kauce ba. Maganin ɗigawa a baki yana ɗauke da ƙwaya mai rai da aka raunana. A garin da yawancin yara suka karɓa, ba ta samun inda za ta je. A garin da aka bar yara da yawa ba rigakafi, tana iya bi daga yaro zuwa yaro tsawon watanni, tana tara sauyi, har ta dawo da ƙarfinta. A nau'i na biyu na foliyo, sauyin haruffa shida a VP1 ya isa a lissafa ta cikin foliyon da ke samo asali daga rigakafi. Ƙarancin rigakafi ne ke ba ta fili, kuma sabon maganin nOPV2, wanda Najeriya ta fara amfani da shi a watan Maris na 2021, an ƙera shi ne domin komawar ta yi wuya. Babu darasin da ya fi wannan nuna rikiɗa ƙarara.

Ta biyu zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno. A farkon 2018 masu kamuwa suka yi yawan da ba a saba gani ba, aka shiga fargabar ko sabon nau'i ne mai saurin bin mutane. Aka karanta jinom daga majinyata, da yawansu daga asibitin koyarwa na Irrua a jihar Edo, tare da cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede. Da daga mutum zuwa mutum take tafiya, da samfuran sun taru a reshe ɗaya suna kama da juna sosai. Sai aka same su a warwatse a rassan da aka daɗe da sani, alamar cewa yawancin mutanen kowa daga ɓera ya ɗauka. An kuma lura cewa rassan suna bin yanki, kogunan Kwara da Binuwai suna raba su. A ba ɗalibai bishiyar Lassa ta 2018 da ta Ebola ta 2014 ba tare da suna ba, a ce su faɗi wacce ce ke bin mutane. Siffar kaɗai ta isa.

Ga ɗaliban likitancin dabbobi akwai murar tsuntsaye ta H5N1, wadda aka fara tabbatarwa a Afirka a wata gonar kaji a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006. Nazarin jinom ya nuna ba sau ɗaya ta shigo Najeriya ba. Mura kuma tana da wata hanyar sauyi ta daban: jinom ɗinta gutsure takwas ne, idan nau'i biyu suka haɗu a tantani ɗaya sai su yi musayar gutsure, a samu sabuwa a dare ɗaya.

Mene ne agogon rikiɗa, kuma ɗalibin digirin farko zai iya amfani da shi?

Idan sauyi yana taruwa da kusan gudu ɗaya, to yawan bambanci yana auna lokaci. Hanya mafi sauƙi ita ce a zana jadawali: ranar ɗaukar samfuri a kwance, nisansa daga tushen bishiya a tsaye. Idan ɗigogin suka jeru a layi, gangaren layin shi ne gudun rikiɗa, inda ya taɓa sifili kuma shi ne kusan lokacin kakan da suka haɗa. Manhajar TempEst tana yin wannan, amma ko Excel ya wadatar idan malami ya fitar da lambobin. BEAST, wadda ƙwararru ke amfani da ita, a bar ta sai digiri na biyu.

Da irin wannan agogo aka kintata cewa annobar HIV ta fara bazuwa daga Kinshasa wajen 1920. Da shi kuma aka shiga shari'ar Bengazi a Libiya, inda aka yanke wa ma'aikatan jinya biyar 'yan Bulgeriya da wani likita Bafalasɗine hukuncin kisa bisa zargin sa wa ɗaruruwan yara HIV da gangan. A 2006 masana suka nuna cewa ƙwayar tana yawo a asibitin tun kafin ma'aikatan su iso a 1998. An sake su a 2007. Ina ba da wannan labari ne a ranar da ɗalibai suka fara gajiya da lambobi.

To bishiya tana iya nuna wanda ya sa wa wani cuta, ko ƙasar da nau'i ya fito?

A nan ake buƙatar taka-tsantsan, kuma idan ɗalibi bai fita da komai ba ya fita da wannan. Bishiya ta fi ƙarfi wajen korewa fiye da tabbatarwa. Idan ƙwayoyin mutum biyu sun yi nisa, za a iya cewa ba daga juna suka ɗauka ba. Idan sun yi kama, wataƙila wannan ya sa wa wancan, wataƙila akasin haka, wataƙila kuma wani na uku da ba a taɓa gwadawa ba shi ya sa musu duka.

Batun ƙasa ma haka. Bishiya ba ta san komai ba sai samfuran da aka ba ta. Birtaniya da Amurka sun zuba jinom ɗin korona da yawan da ƙasashen Afirka da dama ba su kai ko kusa da shi ba, saboda haka inda aka fara ganin nau'i ba lallai nan ya tsiro ba. Sau da yawa nan ne dai ake dubawa. Botsuwana da Afirka ta Kudu ne suka gano Omicron suka sanar da duniya, sakayyar da suka samu ita ce rufe musu hanyoyin jiragen sama, har Birtaniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta hana shiga a watan Disamban 2021. Aikin aji mai kyau shi ne a gina bishiya, sannan a cire duk samfuran wata ƙasa a sake ginawa, a ga yadda labarin asali ya sauya alhali ƙwayar ba ta sauya ba.

Wasu ɗalibai suna ɗari-ɗari da batun saboda addini. Yaya malami zai yi?

Kada ya yi musu dariya, kada kuma ya mai da ajin wurin muhawarar aƙida, wadda ba fanninsa ba ce. Abin da ke gaban aji abu ne da ake aunawa: ga haruffan watan Janairu, ga na watan Disamba, ga bambancin. Manomi ya san ƙwari suna daina jin maganin feshi, ma'aikacin asibiti ya san zazzaɓin cizon sauro ya daina jin kulorokwin. Malami ya faɗa musu gaskiya cewa masana ilimin halittu suna ganin ƙa'idojin nan suna aiki a kan dukkan masu rai, kada ya ɓoye don neman zaman lafiya. Sannan ya bayyana cewa abin da za a tambaye su a jarrabawa shi ne fahimtar hujja da iya karanta ta. Yawanci da zarar hannu ya shiga aiki, ɗari-ɗarin yana raguwa.

Gaskiya ne ƙwayar cuta kullum tana rikiɗa ta koma mai sauƙi?

Ba doka ba ce. Abin da ke yaɗuwa shi ne abin da ya fi iya kama sabon mutum, ko yana kisa ko ba ya yi. Idan ƙwaya tana gama yaɗuwa kafin majinyaci ya kwanta, tsananinta ba ya rage mata komai. Delta ta fi waɗanda suka gabace ta kai mutane asibiti.

A kuma kula da harshe. Ɗalibai, har da malamai, suna cewa ƙwayar ta sauya don ta kauce wa rigakafi, kamar tana da dabara. Kuskuren kwafi yana faruwa ne ba da nufi ba. Yanayi ne ke tace wanda zai rayu. Wani sauyin ma ba fa'ida ce ta yaɗa shi ba, sa'a ce: mai ɗauke da shi ne ya halarci babban biki.

Babu haɗari a bai wa ɗalibai jinom ɗin cututtuka masu kisa?

Haruffa ne a fuskar kwamfuta, ba wanda zai kamu da Ebola daga fayil. Abin kiyayewa shi ne amana. GISAID tana buƙatar rajista da sunan mutum, kuma sharaɗinta ya hana raba bayanan ga wanda bai yi rajista ba, don haka malami ba zai sauke daga can ya zuba wa aji a filashi ba. Ya yi amfani da GenBank. Ya kuma tuna wa ɗalibai cewa bayan kowace lamba akwai mutumin da ya yi jinya. Binciken da ya fitar da jinom 99 na Ebola daga Saliyo a 2014, biyar daga cikin marubutansa cutar ta kashe su kafin a buga shi.

Yaya za a ba da maki, tunda kowa na iya kwafar na wani ko ya tambayi manhajar ƙirƙirarriyar basira?

A ba kowane rukuni tarin samfura daban, da ɗaya a ciki da aka goge wa suna. Aikinsu su gano ko wane ne ta hanyar BLAST, manhajar da ke nemo jinom mafi kama da shi a GenBank, da kuma Nextclade, su sa shi a bishiya, su rubuta shafi ɗaya kan abin da hujjar ta nuna da abin da ba ta isa ta nuna ba. Kashi na biyun ya fi cancantar maki mai yawa. Sannan a kira su gaban allo minti biyar, a nuna wata mahaɗa a ce me wannan ke nufi, a juya reshe a ce bishiyar ta sauya ko ba ta sauya ba. Wanda ya kwafa a nan yake tsayawa.

Ina kuma son saka samfuri ɗaya mara kyau da gangan, mai cike da harafin N, wanda ke nuna wuraren da na'ura ta kasa karantawa. Rukunin da ya lura ya cire shi, ya kuma faɗi dalili, ya samu ƙarin maki.

Makonni nawa ake buƙata?

Huɗu sun isa idan ana haɗuwa sa'a biyu a mako: na farko sauke fayil da ƙirga, na biyu bishiya, na uku agogo da misalin foliyo, na huɗu samfurin da ba suna da gabatarwa. Idan mako biyu kawai aka samu, a yi na farko da na biyu, a bar agogon. Idan ajin ya haura mutum ɗari, a nemi ɗaliban digiri na biyu guda uku ko huɗu, a yi aikin tare da su mako ɗaya kafin a fara, domin a ranar farko matsalar da za ta fi yawa ita ce fayil ɗin da aka adana da Word maimakon rubutu zalla, manhaja ta ƙi karɓa.